Darasin Kimiyya: Wa Za a Fara Dubawa?

Darasinmu na yau kan likitancin gaggawa ne, fannin da ke karɓar majinyaci a sa'o'in farko na haɗari ko ciwo mai tsanani, tun kafin kowa ya san sunan abin da ke damunsa. Za mu bi shi hawa uku. Da farko mu ga yadda jiki ke gazawa idan abu ya same shi farat ɗaya, sai yadda likita ke yanke hukunci a wannan hali, daga nan mu zo kan yadda matashin likita zai tsara shekarunsa na neman ƙwarewa. Na san wasunku hawa na uku ne ya kawo su, musamman waɗanda ke dab da gama hidimar ƙasa. Ku yi haƙuri da ni. Wanda bai san abin da ake yi a ɗakin gaggawa da ƙarfe biyun dare ba, ba shi da ma'aunin da zai auna zaɓinsa da shi.

Ƙofar asibiti a Ɗambatta

Mu fara da inda muke. Ɗambatta na kan titin da ya tashi daga Kano ya bi ta Kazaure zuwa Daura, kuma ranar Lahadi da kasuwa ke ci titin nan ba ya hutawa: motocin shanu, a-kori-kura shaƙe da buhuna, babura da goyon mutum uku-uku. Ƙasar da ke kewaye da garin irin wadda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya fara nazari a kanta ce tun shekarun 1960, inda gona ke jingine da gona, ba a barin fili ya huta, ƙauye na hango ƙauye. Abin da wannan ke nufi ga likita shi ne jama'a da yawa, asibiti kaɗan. Ga kuma noman rani a bakin Dam ɗin Tomas, da feshin maganin ƙwari da sauron da ke biyo bayansa. Abin da ya fi ƙarfin ɗan asibitin ƙauye, Babban Asibitin Ɗambatta yake nufa. Wanda ya fi ƙarfin nan kuma sai Kano: Asibitin Murtala, ko na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Ƙashi na Dala. Idan aka haɗa da cunkoson shiga gari, da wuya tafiyar ta kasa awa guda. Ku riƙe wannan awa, za mu yi lissafi da ita.

Mu ƙaddara yammacin Lahadi ne, kai kaɗai ne likita, sai nas biyu. Cikin minti biyar an shigo da mutum huɗu. Na farko dattijo ne, ƙwaurinsa ya karye, yana ta salati da ƙarfi, 'ya'yansa sun cika ƙofa suna cewa, "Likita, don girman Allah Baba za ka fara dubawa." Na biyu saurayin da ke kan babur ɗin da ya buge shi ne. Yana kwance shiru a kan benci, ko ɗigon jini babu a jikinsa, ƙishirwa kawai yake cewa yana ji. Ta uku mai cikin wata takwas ce, ƙafafu a kumbure, kai na sara mata, tana ganin wuta-wuta. Na huɗu manomi ne da aka ɗauko daga gona bayan ya yi feshi, yawu na dalala, gumi ya jiƙa masa riga, numfashinsa na fita da ƙarar ruwa, ƙwayar idonsa ta tsuke ƙwarai.

Wa za ka fara dubawa? Kada ku yi saurin amsawa.

Ware majinyata bisa tsananin halin da suke ciki ya samo asali ne daga fagen yaƙi. Dominique Jean Larrey, likitan tiyata na rundunar Napoleon ta Faransa, shi ya shahara da dagewa a kan a fara da wanda rauninsa ya fi muni ko da kurtu ne, janar ya jira. A yau tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke koyarwa launi uku ne: ja ga wanda za a taɓa nan take, rawaya ga wanda zai iya ɗan jira, kore ga wanda zai bi layi. Faɗar sa ba wuya. Wuyar tana zuwa ne ranar da na koren ɗan'uwan mai unguwa ne, ko ya zo da takarda daga wani babba, na jan kuwa almajiri ne da ba wanda ya rako shi.

Abin da ke fara kashe mutum

Yadda ake gane launin kowa shi ne a bi jeri guda da ba a sauya shi, wanda ake tunawa da haruffa biyar, A, B, C, D, E. Na farko hanyar iska: shin a buɗe take daga baki zuwa huhu? Na biyu numfashi. Na uku zagayawar jini. Na huɗu ƙwaƙwalwa: yana cikin hayyacinsa, yana amsa kira? Na biyar a buɗe jiki a duba ko'ina, har baya. An jera su haka ne bisa saurin kisa. Ƙwaƙwalwar da aka yanke wa iskar oksijin kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Zubar jini a cikin ciki kan ɗauki mintuna masu yawa ko sa'o'i. Karayar ƙwauri kuwa, in dai jini na kaiwa ƙafar, za ta jira. Abu ɗaya ne ke tsallake layi: jinin da ke tsartuwa a fili, wanda ake dannewa da hannu kafin komai.

To dattijonmu mai salati da ƙarfi ya riga ya amsa mana tambaya uku ba tare da ya sani ba. Hanyar iskarsa a buɗe take, huhunsa na aiki, jini na kaiwa ƙwaƙwalwarsa. A ba shi maganin kashe zafi, a ɗaure ƙafar da katako, a yi wa 'ya'yansa bayani da girmamawa: "Baba zai samu kulawa, amma ga wanda numfashinsa ke shirin tsayawa." Sau da yawa idan ka nuna musu da idonsu, su za su taya ka riƙe robar ƙarin ruwa.

Manomin shi ne na farko. Yawancin magungunan feshin da ke yin irin wannan illa, har da dangin ota-fiya-fiya da ake zubawa a ɗaki saboda sauro, suna toshe wani sinadari ne a jiki wanda aikinsa shi ne kashe saƙon jijiya bayan ya isa. Da an toshe shi, saƙon ba ya yankewa: yawu, hawaye, gumi da majina su yi ta kwarara, zuciya ta rage gudu, huhu ya cika da ruwan jikin mutumin. Ka sa safar hannu, a cire masa tufafin da maganin ya jiƙa, a wanke fatar, a kwantar da shi ta gefe, a zuƙe ruwan maƙogwaro, a sa oksijin. Sai allurar atirofin, ana ninka adadinta duk bayan kamar minti biyar har sai ka ɗora abin sauraro a ƙirji ka ji ya bushe. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne rowar allurar.

Yanzu ku fito da biro, mu yi wa saurayin lissafi. Jinin baligi kusan mililita 70 ne a kowane kilo na nauyinsa. In ya kai kilo 60, jininsa lita 4.2 ke nan. Idan jini ya fara zuba, jiki ba ya zama ya zura ido. Zuciya na ƙara gudu, jijiyoyin fata da na hanji na tsukewa don a tura abin da ya rage zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya. Shi ya sa tafin hannu ke yin sanyi, fuska ta yi fari, ƙishirwa ta taso. Saboda wannan dabara, awon jinin matashi mai ƙarfi kan iya zama daidai har sai ya rasa kusan kashi 30 cikin 100, wato wajen lita ɗaya da kwata ga wannan saurayi. Wanda ya tsaya jiran awon jini ya faɗi kafin ya tsorata, ya makara.

Ga hanya mai sauƙi. Ka raba bugun zuciya a minti ɗaya da lambar sama ta awon jini. Ga lafiyayye amsar kan faɗa tsakanin 0.5 da 0.7. Saurayinmu bugunsa 120, lambar sama 100, amsa 1.2. Ka danna farcensa ka saki, ka ga jan ya daɗe bai dawo ba. Ka taɓa ƙasan haƙarƙarinsa na hagu, ya zabura. Saifa ce ake zargi, kuma jinin na taruwa a ciki inda ido ba ya gani. Ku sani cinya ɗaya da ta karye kan ɓoye fiye da lita guda, ƙugu kuwa ya fi haka nesa.

Abin yi: manyan allurai biyu a jijiya, a ɗebi jini don gwada rukuni, a fara neman masu bayarwa cikin dangi tun yanzu, a rufe shi da bargo don sanyi na hana jini daskarewa, a ba shi taranezamik asid. Wannan magani mai araha an gwada shi a kan mutum sama da 20,000 da suka yi haɗari a ƙasashe 40, aka fitar da sakamakon a 2010. Wani gwajin a kan mata kusan 20,000 masu zubar jini bayan haihuwa, wanda asibitocin Nijeriya suka ba da kaso mai yawa a cikinsa, ya fito a 2017, ya nuna cewa idan aka ba da shi da wuri yana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Sharaɗin shi ne cikin awa uku. Ku lissafa: awa ɗaya kafin a kawo shi daga inda ya faɗi, rabin awa ana yankar kati da neman kuɗi, awa ɗaya a hanyar Kano, sai jiran gado a can. Idan ba a Ɗambatta aka yi allurar ba, babu inda za a yi ta a kan lokaci.

Mai cikin nan fa? In awon jininta ya kai 160 a kan 110 tare da waɗannan alamu, jijjiga na bakin ƙofa, kuma ita ma ja ce. Nas ɗaya ta tafi kanta da allurar maganiziyam salfet da maganin sauke hawan jini yayin da kake kan manomi. Labarin maganiziyam salfet namu ne na gida. A 2008 aka shigar da wannan allura manyan asibitoci 10 na Jihar Kano, aka horar da likitoci da ungozomomi yadda ake ba da ita. Rahoton da Farfesa Jamilu Tukur da abokan aikinsa suka fitar ya nuna cewa matan da jijjiga ke kashewa sun ragu daga kusan 21 cikin 100 zuwa ƙasa da 3 cikin 100. Ba a gina sabon asibiti ba, ba a sayo wata babbar na'ura ba. Ɗaliban makarantar ungozoma ta nan garin, wannan sakin layi naku ne.

Yadda hankali ke yaudarar mai shi

Kun ga duk hukuncin da muka yanke, mun yanke shi ne ba tare da hoto ko cikakken gwaji ba. Haka aikin yake, kuma a nan haɗarinsa yake. Daniel Kahneman, masanin halayyar ɗan Adam da ya samu kyautar Nobel a 2002, ya bayyana cewa tunani iri biyu ne: mai sauri da ke gane abu da gani ɗaya, da mai nawa da ke bin hujja daki-daki. Likitan gaggawa da na farkon yake rayuwa, amma shi ne kuma ke kayar da shi.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne zazzaɓi a watan Satumba. Ka ga yara ashirin tun safe, duk maleriya. Na ashirin da ɗaya ya zo a sume, gwaji ya nuna maleriya, ka sa atesunet, ka wuce. Ba ka yi laifi da atesunet ɗin ba, don babban gwajin da aka yi a kan yaran Afirka a 2010 ya nuna ya fi kwinin ceton rai. Amma a wannan wata yara da dama na yawo da ƙwayar maleriya a jini ko da wani ciwon ne ya kwantar da su. Ka lanƙwasa wuyansa ka ji ko ya sanƙare? Ka auna sukarinsa? Ka taɓa cikinsa ko taifot ya huda hanji? Ka leƙa maƙogwaro, bayan abin da mashaƙo ya yi mana a Kano daga ƙarshen 2022 zuwa 2023? Maganin wannan makanta guda ne: ka koma kan majinyaci bayan minti goma sha biyar, ka sake farawa daga A, ka tambayi kanka me kuma zai iya zama.

Ga gajiya. A Amurka mutuwar wata matashiya mai suna Libby Zion a wani asibitin New York a 1984 ce ta tayar da muhawarar da ta kai ga taƙaita aikin likitoci masu neman ƙwarewa zuwa awa 80 a mako a duk ƙasar a 2003. Mu nan wani sai ya kwana biyu bai cire takalmi ba, a yaba masa da juriya. Ni ban ɗauki wannan abin yabo ba. Ga kuma kare kai: a Janairun 2020 likitoci biyu suka rasu a Kano da zazzaɓin Lassa bayan an yi wa wata mai ciki tiyata. Safar hannu da takunkumi ba ƙyamar majinyaci ba ne.

Hukunci na ƙarshe shi ne tura mara lafiya Kano. Kada ka tura wanda ba ka tsayar masa da abin da za ka iya tsayarwa ba. Ka buga waya ka tabbatar akwai gado, ka rubuta abin da ka bayar da lokacin da ka bayar, nas ta bi shi, masu ba da jini su bi shi. Ka kuma san doka: sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta ƙin karɓar majinyacin gaggawa bisa kowane dalili, dokar 2017 kuma ta ce a kula da wanda aka harba ba sai an jira takardar 'yan sanda ba.

Tsanin da za ka hau

Mun iso hawa na uku. Shekara 6 a jami'a, shekara 1 ta sanin makamar aiki, shekara 1 ta hidimar ƙasa. Daga nan sai jarrabawar share fage ta ɗaya daga cikin kwalejojin ƙwarewa: ta ƙasa da aka kafa a 1979 mai hedikwata a Legas, ko na Afirka ta Yamma, ta likitocin magani da ta likitocin tiyata. In ka ci, ka nemi gurbi a asibitin da kwalejin ta amince wa. Ƙaramin mataki shekara biyu zuwa uku ne, sai jarrabawar kashi na ɗaya. Babban mataki ma kusan haka, da kundin bincike, sai kashi na biyu, ka zama konsoltan. Jimla shekara 12 zuwa 14 daga ranar da ka shiga jami'a, in ba yajin aiki, ba faɗuwa jarrabawa. Wa ya taɓa ganin haka?

Likitancin gaggawa a matsayin fanni mai cin gashin kansa yaro ne. An buɗe horonsa na farko a Jami'ar Cincinnati ta Amurka a 1970, aka amince da shi a hukumance a can a 1979. Afirka ta Kudu ta amince da shi a 2003. Gana ta fara horo a Asibitin Komfo Anokye na Kumasi a 2009, Tanzaniya a Muhimbili a 2010. Kwalejinmu ta ƙasa sai a 2019 ta kafa masa tsangaya. Kafin nan, kuma har yau a mafi yawan asibitocinmu, ɗakin imajansi wuri ne da ake ajiye likita mafi ƙarancin gogewa, ya yi ta kiran na sama a waya. Majinyaci mafi tsanani a hannun likita mafi ƙanƙanta: wannan shi ne gurgun tsarin da sabon fannin ya zo gyarawa.

Kafin ka zaɓi wannan fanni, ka yi wa kanka tambaya uku. Tambaya ta farko ba ta takarda ba ce, ta hali ce. Akwai likitan da daɗinsa shi ne ya bi majinyaci shekara goma, ya san sunayen 'ya'yansa, a gayyace shi suna. Wannan ba zai ji daɗin ɗakin gaggawa ba, don a can kana ceto mutum ne ka miƙa shi, ya farfaɗo a wani ɗaki ya gode wa wani. Akwai wanda ba ya iya barci sai ya san takamaiman ciwon. Shi ma zai wahala. Wanda fannin ya dace da shi shi ne mai iya riƙe mutum huɗu a kai lokaci guda, a zage shi a ƙofa bai rama ba, ya faɗa wa uwa ɗanta ya rasu, ya wanke hannu ya juya kan na gaba. Ba wanda ya fi wani a cikinsu. Hanyar sanin naka ita ce ka ajiye ɗan littafi wata uku, bayan kowane aiki ka rubuta abin da ya gajiyar da kai da abin da ya sa ka ji ka yi wani abu. Littafin ba ya yi maka ƙarya irin wadda abokai za su yi maka.

Tambaya ta biyu ta aljihu ce, kuma ban ga amfanin kunyar ta ba. Likitan mata ko na ido na iya buɗe asibitinsa ya tara majinyatan kansa. Likitan gaggawa yawanci ma'aikacin babban asibiti ne har ya yi ritaya, kuma aikin dare ba ya ƙarewa don ka zama konsoltan. A ɗaya hannun, aikin na da lokacin shiga da na fita. In ka miƙa, ka miƙa, ba mai kiranka daga gida. Wata daga cikinku ta tambaye ni, "Malam, mace mai aure za ta iya?" Za ta iya, kuma wannan tsari na karɓa-karɓa kan fi sauƙin shiryawa da gida a kan wasu fannonin. Amma a yi maganar da maigida da iyaye tun kafin a cike fom, da jadawalin aikin a gabansu, kada sai an shiga wata na uku.

Ta uku, ina? Kada ka bi sunan asibiti kawai. Ka nemi jerin asibitocin da kwaleji ta amince wa a wannan shekarar, domin amincewar na da wa'adi, ana sabunta ta. Ka tambayi masu horo a can, ba shugaban sashe ba: ƙwararru nawa ke shigowa ɗakin da kansu, ana barin ku ku sa robar numfashi da ta ƙirji da hannunku, akwai na'urar sikanin a ɗakin, mutum nawa suka ci jarrabawar bara? Ka kuma karanta takardar ɗaukar nauyi kafin ka sa hannu. In jiha ce za ta biya maka albashi, akwai shekarun da za ka dawo ka yi mata. In gurbin sa-kai ne da ba albashi, ka lissafa abin da za ka ci da iyalinka. Dokar horon neman ƙwarewa ta 2017 ta tanadi asusun tallafi, amma duk mai sauraron labarai ya san sau nawa ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta tafi yajin aiki a kan jinkirin biyansa.

A nan nake so ku rarrabe shawara iri biyu: wadda ake iya warwarewa da wadda ba a iyawa. Manomin Ɗambatta ba ya jiran tabbacin damina. Ruwan farko mai ƙarfi na sauka zai shuka geronsa, amma yana barin iri a rumbu ko za a yi fari a sake shuka. Rubuta jarrabawar share fage, zuwa kwas ɗin agajin gaggawa na kwana biyar da Hukumar Lafiya ta Duniya da Red Cross suka fitar a 2018, neman a tura ka ɗakin gaggawa wata shida, duk waɗannan shuka ce mai araha, ka yi su da sauri. Ajiye aikin gwamnati, sa hannu a yarjejeniyar shekaru, cin bashi don tafiya waje, waɗannan su ne iri na ƙarshe. A kansu ake shawara da manya, a yi istihara, a bar mako biyu su wuce. Matasa da yawa juya abin suke yi: su shekara biyu suna tunanin ko su sayi fom, sannan su ajiye aiki a dare ɗaya don an ɓata musu rai a ofis.

In kuma ka shiga ka ga ba naka ba ne, ka fita da wuri. Shekarar da ta wuce ta riga ta wuce, ba hujja ba ce ta ƙara biyar a kanta. In gurbin gaggawa ne bai samu ba, kada ka zauna jira. Likitancin iyali, fannin sa barci da kulawa ta musamman, da tiyata duk suna koyar da mafi yawan abin da mutum huɗun nan ke buƙata. Ga wanda niyyarsa ya zauna a asibiti irin na Ɗambatta ma, inda likita ɗaya zai ciro jariri da tiyata da safe ya yi ɗori da yamma, ina ganin likitancin iyali tare da kwasa-kwasan gaggawa ya fi yi masa amfani a yanzu.

Ga wanda ya kai babban mataki, zaɓin kundin bincike shi ne zaɓin abin da za a san shi da shi. A ƙasashen da fannin ya girma akan ƙara ƙwarewa a gaggawar yara, guba, sikanin a gefen gado, ko tsarin motocin ɗaukar marasa lafiya. Duk huɗun fili ne da ba a nome ba a Arewa. Ku dubi Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero: saran maciji, ciwon manomi da makiyayi da ba wanda ya damu da shi, shi ya riƙe har duniya ta san shi a kai. Wa ke ƙirga manoman da feshi ke kwantarwa a bakin dam? Wa ya auna minti nawa ake yi daga faɗuwa a titin Kazaure zuwa allurar farko? Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin agajin gaggawa da motocin asibiti na ƙasa a 2022, kuma irin wannan tsari ba ya tafiya sai da likitocin da suka san yadda ake jagorantarsa.

Saura maganar da kowa ke yi a ɗakin hutu: a tafi ko a zauna. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci masu lasisi a ƙasar nan kusan 55,000 ne, kuma wajen 16,000 sun fice cikin 'yan shekarun da suka gabata. Ba zan zagi wanda ya tafi Ingila ko Saudiyya ba, kowa ya san nauyin da ke kansa. Abin da zan ce shi ne ka san wace irin tafiya za ka yi. Wanda ya tafi da takardar ƙwarewa a hannu daban yake da wanda ya bar horo a tsakiya ya je ya fara daga tushe. Kuma ka san abin da kake bari: a can za ka zama ɗaya cikin dubbai, a nan kuwa rukunin farko na wannan fanni su ne za su rubuta ƙa'idojin da za a bi, su horar da na bayansu. Ra'ayina ke nan, kuma na san ba ni zan biya muku kuɗin haya ba.

Aikin gida. Na ɗaya, yarinya mai kilo 45 ta zo bayan haihuwa a gida, bugun zuciya 130, lambar sama ta awon jini 90. Ku lissafa jininta gaba ɗaya, ku raba bugun da awon, ku faɗi launinta da abubuwa uku na farko da za ku yi. Na biyu, kowa ya samu likita ɗaya ko nas ɗaya da ya haura shekara goma a ɗakin gaggawa, ya tambaye shi yadda makonsa ke tafiya daga Litinin zuwa Lahadi, awa nawa yake barci, da abin da zai sauya in da yau zai fara. Ku rubuta amsar a shafi ɗaya, ku zo da ita darasi na gaba.